Abin da Jinin Baba Ya Faɗa

Halimatussa'adiya, wadda kowa ke kira Sadiya, shekararta shida tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti da ke gefen Sabon Gari a Maraɗi. Labo ake ce wa ɗakin. Taga ɗaya gare shi, da firigo na sanyaya kayan gwaji, da injuna uku waɗanda ta san kukan kowannensu. Marasa lafiya ba su cika ganin fuskarta ba. Jininsu ne ke zuwa mata a ƴan kwalabe, ita kuma ta mayar da lambobi a takarda.

Shekara biyu da suka wuce, Dokta Barnaba, likitan zuciya na asibitin, mutumin Tibiri, ya roƙe ta wani aiki. Duk wanda aka kawo jijiyar zuciyarsa ta toshe, ta riƙa auna masa abu uku ban da na yau da kullum, ta rubuta a littafi daban. Na farko de-dimer, wanda ke yawa idan jini ya daskare a wani wuri cikin jiki. Na biyu fibrinojen, zaren da gudan jini ke saƙuwa da shi. Na uku yadda wani irin fararen ƙwayoyin jini ya rinjayi wani. Asibitinsu ba shi da na'urar da ke leƙa cikin jijiya a ga girman gudan da ya toshe ta, sai an kai mutum Yamai. Amma waɗanda suka isa can da rai, likitocin sukan aiko da abin da suka gani, Sadiya ta rubuta kusa da lambobinta. Sannu a hankali suka lura cewa idan abubuwan nan uku suka hau tare, yawanci gudan babba ne. Dokta yakan ce alama ce kawai, ba gani da ido ba. Duk da haka su biyun sun san abin da ke biyowa idan alamar ta fito.

Wata Talata a watan Afrilu, zafi ya kai inda ya kai, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, wata infirmiya, ma'aikaciyar jinya, ta turo ƙofar labo ko sallama babu.

"Sadiya, fito. Babanki ne aka kawo."

Babanta, Maman Lawali, manomin rani ne a Jiratawa. Zogale yake yi da albasa da tattasai, shekararsa hamsin da takwas, bai taɓa kwana a asibiti ba. Sunan mahaifiyarsa ya sa wa Sadiya, don haka Uwata yake kiranta. Bara ta auna shi ta ga yana da hawan jini, ta ba shi magani, ya sha na kwana goma ya ce yana sa shi kasala, ya bari.

Ta same shi a ɗakin gaggawa, rigarsa ta jiƙe sharkaf da zufa, ƙafafunsa da busasshen taɓo, leɓunansa sun yi fari. Innarta, Tsahara, tana tsaye a gefe riƙe da takalmansa. Bayanta kuma Idirisa ne, maƙwabcinsu a gona, wanda ya kawo su a tsohuwar motarsa da lodin zogale a baya.

"Uwata, kada ki tada hankalinki," in ji Maman Lawali, yana jan numfashi tsakanin kalma da kalma. "Ƙwarnafi ne. Idirisa ne da innarki sunka matsa sai an taho."

"Ƙwarnafi ba ya kada mutum cikin kanal na ban ruwa," in ji Idirisa. "Da hannuna na ciro shi."

Dokta Barnaba ya riga ya manna masa wayoyi a ƙirji. Na'ura ta fitar da doguwar takarda, ya duba, ya sake dubawa. Ya ba shi asfirin ya tauna, ya sa aka ɗaura masa iskar shaƙa. Sannan ya sunkuyo.

"Baba, yaushe ciwon ya fara?"

"Bayan sallar asuba."

"Ba jiya ba? Ka tuna da kyau, amsar na da amfani."

"Mi zai sa in yi maka ƙarya, likita? Bayan asuba."

Tsahara ta sunkuyar da kai tana kallon takalman da ke hannunta.

Dokta ya ce wa Sadiya ta bari wani ya ɗibi jinin. Ta ce a'a. Ta ɗaure masa dantse da roba, ta lalubi jijiya a hannun nan mai kaushi da ya goye ta, ya kai ta lakol karatu a bayan keke. Ta soka allura.

"Hannunki na rawa, Uwata."

"Ba ya rawa, Baba. Ka yi shiru."

Minti arba'in aikin yakan ɗauka. Ta tsaya a kan injunan kamar tsayuwar za ta sa su sauri. Da lambobin suka fara fitowa sai ta jawo kujera ta zauna. De-dimer ya yi sama ƙwarai. Fibrinojen ma haka. Fararen ƙwayoyin da suke dubawa sun ninka ƴan uwansu sau goma sha ɗaya. Ta ce wa kanta wataƙila injin ne ya ruɗe saboda zafi. Ta ɗauki ragowar jinin ta sake aunawa. Abin da ya fito da fari shi ya sake fitowa.

Ta ciro littafin daga dirowa. Sunan mutum sittin da huɗu ne a ciki, duk da rubutun hannunta. Ba ta buƙatar ƙirgawa, amma ta ƙirga. Masu lambobi irin na Baba su tara ne. Ta bi layin ƙarshe da yatsa, inda take rubuta yadda aka ƙare. Biyu ne suka koma gida da ƙafafunsu.

Ta tari Dokta a baranda ta miƙa masa takardar. Ya karanta a tsaye.

"Gudan babba ne, ko?" ta tambaya.

"Alama ce, Sadiya. Kin san ba mu gani ba."

"Dokta, kada ka yi mini irin maganar da muke yi wa ƴan uwan marasa lafiya. Ni na rubuta littafin nan."

Ya ce, "To. Ina jin babba ne, kuma a babbar jijiya ta gaba. Hanya biyu ce. Ko a kai shi Yamai a buɗe jijiyar da na'ura, ko a yi masa allurar da ke narkar da gudan jini a nan. Allurar tana aiki ne cikin awa goma sha biyu na farko, kuma kowace awa da ta wuce amfaninta raguwa yake. Namu ya ƙare tun watan jiya. Na kira farmasi uku yanzu, babu."

"To ina za a samu?"

"Akwai kwalba ɗaya a Tibiri. A ƙaramin ɗakin maganin cocinmu, inda nake duba mutane ranar Asabar. Ni na ajiye ta a firigo wurin Majo Saloma, mai kula da wurin. Amma tsaya, abu biyu ne suka dame ni a takardar nan." Ya sa yatsa a wani layi. "Wannan da ke nuna yawan naman zuciyar da ya ji rauni, ya yi yawa ga ciwon awa shida. Sannan dubi nan. Ƙarfin jininsa takwas kawai, ya yi ƙasa ƙwarai. Namiji mai noma, takwas. Ina jinin yake tafiya?"

"Mutanen gona duk haka suke, Dokta. Zazzaɓi ne da rashin nama."

Tana faɗa tana jin cewa ba haka ba ne. Ta ga lambar tun a labo, ta kawar da idonta.

"Allurar nan ba ta da zaɓi," in ji shi. "Yadda za ta narkar da gudan da ke zuciya, haka za ta narkar da wanda ya rufe bakin wani miki, in akwai shi a ciki. Zo mu sake tambayarsa."

Suka koma. Dokta ya tambayi Maman Lawali ko bayan gidansa ya taɓa fita baƙi, ko ya taɓa aman jini, ko yana shan wasu ƙwayoyi na ciwon jiki. Duk ya ce a'a. Ya ce shi ban da shayi da goro ba abin da yake sa wa bakinsa. Dokta ya juya wajen Tsahara.

"Inna, haka ne?"

Ta dubi mijinta, shi ma ya dube ta. Ta ce, "Yadda ya faɗa."

"Sadiya, je ki ɗauko," in ji Dokta. "Zan kira Saloma ta shirya."

Idirisa ya ce zai kai ta, amma motarsa sai an tura take tashi. Sadiya ta fita bakin titi da farar rigarta ta aiki, ta tsayar da ɗan kabu-kabu mai babur na farko da ta gani.

"Tibiri, ka jira ni, ka dawo da ni. Ubana ne ba lafiya. Don Allah ka yi gudu."

Ta hau, ya ja. Rana tana tsakiyar ka, kwalta na tururi. A mafitar gari wata babbar mota mai lodin buhuna ta lalace ta gindaya, motoci sun yi layi. Mai babur ya sauka daga kwalta ya bi ta cikin yashi, babur na tangaɗi, ita tana riƙe da ƙarfen baya tana ƙirga awoyi. Daga asuba zuwa yanzu bakwai. Kafin ta dawo takwas. Saura huɗu. Ta fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, ta kai tsakiya ta manta, ta koma farko.

Majo Saloma, tsohuwar infirmiya mai furfura, tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin maganin da ɗan akwatin ƙanƙara a hannu. Ko sauka Sadiya ba ta yi ba.

"Ga shi, ɗiyata. Ki riƙe da hannu biyu, kada rana ta same shi. Muna roƙa masa Allah."

"Na gode, Tanti."

Ta rungume akwatin a ƙirjinta har Maraɗi. Sanyinsa ya ratsa rigarta, kuma a karo na farko tun safe ta ji kamar akwai abin da ta riƙe.

Ƙarfe ɗaya da rabi ta shigo asibiti da gudu. A bakin ɗakin gaggawa ta yi kiciɓis da infirmiya ta fito da roba an rufe da tsumma. Sadiya ta ɗaga tsumman. Amai ne baƙi ƙirin, da gudaji-gudaji, da jan jini a gefe. Ta san abin da ta gani.

Tsahara na zaune a ƙasa a baranda, ta haɗa kai da gwiwa. Da ta ga ɗiyarta sai ta fashe da kuka, magana ta ɓalle mata. Ciwon ba da asuba ya fara ba. Tun jiya da la'asar ne, yana ɗaga bututun ruwa, ya dafe ƙirji ya zauna. A zaune ya kwana. Ita ta jiƙa masa kanwa ya sha har sau biyu. Kuma wata uku ke nan yana shan wasu ƙwayoyi ja da ɗorawa na ciwon baya da yake saye wurin masu talla a kasuwa, huɗu a yini, wani lokaci shida. Mako biyu ke nan bayan gidansa baƙi kamar kwalta.

"Inna, da Dokta ya tambaye ki, mi ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ya sa ni na rantse. Ya ce yau ne ranar da ake sako wa gonarsa ruwa, in ta wuce sai mako, albasa ta ƙone. Ya ce in kika ji za ki hana shi gona. Ya ce in an san jiya ne za a ce mun yi sakaci. Shekara talatin da huɗu ban taɓa ƙaryata shi gaban mutane ba, Sadiya. Yaya zan yi?"

Sadiya ta shiga ɗaki. Babanta na kwance idonsa a rufe, an rataya masa ledar jini, numfashinsa sama-sama. Dokta Barnaba ya ja ta gefe.

"Kin ji. Awa ashirin da ɗaya, ba takwas ba. Kuma cikinsa na zubar da jini yanzu haka. Ba zan yi masa allurar ba."

"Har yanzu yana jin ciwon, Dokta. Kai ka ce mini in ana jin ciwon to akwai naman da bai mutu ba."

"Na faɗa. Da lokacin ne kawai, da na gwada. Jinin ne."

"To ka yi masa rabi."

"Rabi ba zai narkar da gudan nan ba, amma zai buɗe mikin."

"A ƙara masa jini ana yi. Jininmu ɗaya da shi, a ɗibi nawa. A kira ƙannena su zo daga Jiratawa. Zan sa hannu a takarda in ce ni na matsa. Ba wanda zai tuhume ka." Ba ta san sadda ta durƙusa ba, akwatin na ƙirjinta. "Don Allah, Dokta. Ga shi na kawo. Ga shi a hannuna. In ba za ka yi ba ka bar ni in yi da kaina, na san yadda ake haɗawa."

Ya durƙusa shi ma, ya sa hannu biyu a kan akwatin. Ta ƙi saki.

"Sadiya, dube ni. In aka sa masa wannan, jini zai ɓalle ta sama da ta ƙasa, kuma ba mu da abin tsayar da shi. Kafin la'asar zai cika, a gabanki, da maganin da kika ɗauko. Ba zan bar miki wannan ki ɗauka har ƙarshen ranki ba. Saki."

Ta saki. Ya miƙa wa infirmiya ta kai firigo. Sadiya ta bi akwatin da ido har aka fita da shi.

"To Yamai," ta ce tana miƙewa. "Na'ura ba ta narkar da jini. A kai shi Yamai."

"Tafiyar awa goma ce, a zafin nan, da jini na zuba. Ban ga zuciyar za ta ɗauki hanya ba. Kuma ko can sai sun yi fama da mikin. In ya zauna, mu ƙara masa jini, mu ba shi maganin miki, mu tallafi zuciyar, mu ga abin da Allah zai yi. Akwai tsammani."

"Biyu cikin tara."

"Biyu cikin tara ba babu ba ne."

"Bakwai ɗin nan duk a gadon nan suka jira. Ni na rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Ba zan zauna ina kallon bango ba har in rubuta na takwas."

"Waɗanda kike tunawa sun warke a Yamai, waɗanda suka isa ne. Kin manta waɗanda aka juyo da su daga hanya."

"Ban manta ba."

Muryarsu ce ta tashi Maman Lawali. Ya buɗe ido, ya ja abin shaƙar daga bakinsa. Dokta ya matsa kusa ya yi masa bayani a fili, bai ɓoye komai ba. Ya faɗa masa abin da zama ke iya jawowa da abin da tafiya ke iya jawowa, ya kuma faɗa masa cewa shi zama ya fi so.

Maman Lawali ya daɗe yana kallon ɗiyarsa.

"Likita, Allah shi saka maka. Amma abin da Uwata ta ce shi za a yi. Bara ta ba ni magani na ƙi. Yau kuma na yi mata ƙarya ta tahi Tibiri a rana. Ya isa haka."

Dokta ya rubuta takardar turawa, ya kira abokin aikinsa a Yamai, ya sa aka saka tukunyar iska biyu da wata ledar jini a ambilans. Da za su tashi ya ce wa Sadiya, "Duk abin da ya canja ki kira ni." Ƙarfe uku da rabi suka fita.

A bayan motar Sadiya ta zauna wajen kansa, yatsunta a kan jijiyar wuyan hannunsa. Tsahara na wajen ƙafafu tana yi masa fifita da gefen mayafinta. Babbar motar da ta lalace tana nan inda take, direba ya kewaye ta yana jiniya. Duk ramin da suka faɗa sai Maman Lawali ya runtse ido.

"Uwata."

"Kada ka yi magana, Baba."

"A gaya wa Idirisa shi rufe ruwan. Na baro shi a buɗe, zai shiga gonakin mutane."

"Za a gaya masa."

"Innarki ba ta da laifi. Ni na sa ta."

"Na sani."

"Ki yafe mini."

"Baba, in mun dawo ka roƙe ni da kyau. Yanzu ka yi shiru."

Ya yi ɗan murmushi. Ba su yi minti goma ba bayan wannan ta ji bugun da ke ƙarƙashin yatsunta ya rikice, yana gudu yana tsallake, sannan ya yi laushi kamar zare. Numfashinsa ya koma gurnani. Ta kira shi bai amsa ba. Ta leƙa taga ta ga gidajen farko na Tibiri. Ta buga gilashin da ke tsakaninta da direba da tafin hannu.

"Shiga dama! Ɗakin maganin coci! Yi sauri!"

Kafin motar ta gama tsayawa ta riga ta hau kansa ta haɗa hannu biyu tana danna ƙirjinsa. Majo Saloma ta fito da gudu ba takalmi, ta hau motar, ta kama jakar hura iska. Sadiya na dannawa tana ƙirgawa da ƙarfi, Saloma na hurawa. Aka kira Dokta a waya, direba ya riƙe wayar, yana faɗa musu allurar da za su yi. Suka yi. Suka ci gaba. Zufa na zuba daga fuskar Sadiya a kan rigar babanta. Ta ji wani haƙarƙari ya karye a ƙarƙashin hannunta, ta ce, "Yi haƙuri, Baba," ba ta tsaya ba. Mutanen unguwa suka taru nesa kaɗan.

An fi rabin awa. Saloma ta haska idonsa, ta sa abin saurare a ƙirjinsa, ta daɗe. Sannan ta ajiye jakar, ta kama wuyan hannuwan Sadiya duka biyu.

"Ya isa, ɗiyata."

"Saura kaɗan, Tanti. Sake ni."

"Ya isa. Ya tafi tun ɗazu."

Tsahara ce ta matso. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta shafa idanunsa ta rufe, ta cire ɗankwalinta na ciki ta ɗaure masa haɓa. Saloma ta shiga gida ta fito da farin zane sabo, ta lulluɓe shi tun daga kai, sannan ta kawo ruwa a kofi ta riƙe wa Sadiya a baki, don hannuwanta sun ƙi rufuwa.

Direba ya tambaya a hankali ko asibiti za a koma.

"Jiratawa," in ji Tsahara.

Suka sake ratsa Maraɗi ba jiniya. Kafin su isa labari ya riga su, maza sun cika ƙofar gida, an tafi haƙa. Aka yi masa wanka, aka sallace shi, aka kai shi rana na gab da faɗuwa.

Washegari da hantsi Dokta Barnaba ya zo gaisuwa tare da Majo Saloma. Ya zauna da maza a waje, ya yi musu ta'aziyya, da zai tafi ya aika a kira Sadiya. Suka tsaya a zaure.

"Dokta, abu ɗaya zan tambaye ka. Da na bar shi a gado, da yana nan?"

"Ban sani ba."

"Ka sani. Ka ce kada a tafi."

"Na ce ban ga zai ɗauki hanya ba. Ban ce in ya zauna zai tashi ba. Abin da ya same shi a mota yana iya samunsa a gado a wannan sa'ar. Yana iya kuma ƙin samunsa. In na ce miki na san ɗaya daga ciki, ƙarya na yi miki." Ya gyara tsayuwa. "Ki ɗauki kwanakin da kike so. Labo zai jira."

Ta so ya ce mata wani abu dabam, ko da zagi ne. Ta koma ciki ta zauna cikin mata, ana shigowa ana cewa ya haƙuri, tana cewa da godiya.

Ranar uku, bayan an yi addu'a an watse, aka bar Sadiya da innarta su biyu a ɗakin Tsahara. Tun rasuwar ba su yi maganar da ta wuce ta abinci da tabarmi ba. Tsahara na jan carbi. Can ta tsaya, ba ta ɗago kai ba.

"Sadiya, ke kin yi karatun abin. Ki gaya mini tsakaninki da Allah. Da na kira ki ranar Litinin da la'asar ɗin nan, da ya tashi?"

Sadiya ta san amsar gwargwadon yadda ake iya saninta. Da an kira ta a lokacin, ko da allurar ba ta yiwu ba saboda mikin, da an kama hanyar Yamai zuciyar na da sauran ƙarfinta, da ba a kwana ana shan kanwa ba, da bai shiga kanal da safe ba. Ta dubi innarta. Cikin kwana uku wuyanta ya zama kamar na tsohuwa.

"Mikin cikin nan ya riga ya ɓata komai, Inna. Ko yaushe aka zo, da wuya."

"Da gaske kike, ko lallashina kike?"

"Ni ma fa ni na ɗauko shi daga gado na sa shi a mota. Likita ya ce kada a tafi, na ce sai an tafi. In laifi ake nema, ga nawa nan."

Tsahara ta ɗago ta dube ta, kamar sai yanzu ta ji wannan. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai aka yi sallama a tsakar gida. Wasu mata ne daga Tibiri, dangin kakar Sadiya, sai yau labari ya same su. Tsahara ta goge fuska da mayafi ta amsa. Sadiya ta tashi ta jawo wata tabarma daga bayan ƙofa ta shimfiɗa musu.